Katin da Masta Iddrisu Ya Zaɓa Mini

Na Allah ne mu, kuma komai nisan tafiya wurinSa za mu koma. Ranar Alhamis, sha biyar ga watan Mayu na 2025, wadda ta zo daidai da sha bakwai ga Zulƙida, Allah Ya karɓi ran Masta Iddrisu Abdul-Mumin, mai gyaran kwamfuta a Maamobi, yana da shekara arba'in da shida. Ya buɗe shago da safe kamar kullum, ya ce wa maƙwabcinsa kansa yana sara masa, ya zauna a benci. Kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. Aka sallace shi bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Madina.

Ni ne Tawfiq, mai aski a Nima, bakin babbar kwata. Ban yi boko ba, makarantar allo na yi, baƙaƙen nan ma a waya na koye su, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa. Wanda kuma ya ji ina ce wa mamaci Kaka ina tsokanarsa, kada ya ɗauka ban san girman mutuwa ba. Shi Dagomba ne, ni Mosi ne. Mu Mosawa jikokin Dagombawa ne, tsakaninmu wasa ne tun kaka da kakanni, kuma mutuwa ba ta hana wannan wasa. A maƙabarta dattawanmu sun yi ta kallona, suna jira in faɗi abin da zai sa dangi su ɗan saki fuska, bakina ya ƙi buɗuwa. Dalili kuwa shi ne na yi masa ƙarya ranar Talata, da niyyar in warware ta ranar Asabar, sai ya tafi ranar Alhamis.

Kaka, bari in fara daga farko, domin mutane su san wanda aka rasa.

Da tsokana muka san juna. Shekara huɗu da suka wuce, kafin a tashi masu kayan bola daga Agbogbloshie, na tsinci wani mataccen katin girafik a cikin tarkace. Ga wanda bai sani ba, faifai ne da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi yake zana duk hoton da ido ke gani a wasa. In ya yi rauni, sai ka ga ɗan ƙwallo ya ɗaga ƙafa ya tsaya kamar yana tunanin iyalinsa. Na wanke katin nan tas, na goge shi da man da nake shafa wa injin aski, na sa shi a kwalin wani sabon kati da na roƙa a Sakul, kasuwar waya da kwamfuta. Na kawo maka ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, abokaina uku suna laɓe a bakin ƙofa.

Ka ce, “Ɗan Mosi, wannan sabo ne?”

Na ce, “Daga Jamus, Kaka. Jiya ya sauka.”

Ka juya shi, ka dubi bayansa, ka kai shi hanci. Sannan ka ce, “Ashe Jamusawa da sabulun wanki suke wanke kayansu yanzu. Kuma ga sukuru huɗu, kowanne da ubansa daban. Ce wa abokanka su shigo, rana tana dukansu.”

Na zaci za ka jefo mini shi. Sai ka ce in dawo jibi. Da na dawo, ka canja wasu ƙananan abubuwa biyu da suka ƙone, ka sa masa wata fanka, ka shafa masa sabon farin man nan da ke sanyaya cif, wato ƙwaƙwalwar katin. Ka kunna, hoto ya fito. Ka ce, “Ka kawo gawa don ka yi mini dariya, ga ta ta tashi. Ɗauki abarka ka je ka ciyar da ita.” Da wannan katin na haɗa kwamfutar shagona, masu jiran aski suna buga ƙwallo da tseren mota har layi ya zo kansu. Shekara huɗu yana mini aiki. Wanda zai wuce shaguna uku ya zo wurina, rabi don hannuna ne, rabi don wannan wasan, kuma na san haka.

Ba ni kaɗai ka yi wa irin wannan ba. Ranar Lahadi shagonka ba ya rabuwa da mata masu dako, 'yan kayayo na Tudu da Agbogbloshie, kowacce da wayar da ta faɗa ruwa ko mota ta taka. Kana gyara kana yi musu Dagbanci, kana tambayar wace ce ta kira uwarta a wannan mako. Wadda ta ce lambar ta ɓace tare da wayar, sai ka bi ta wurin direbobin Tamale har ka samo, ka rubuta mata a takarda ka ce ta ɗaure a bakin zane. Lasifikar masallacin unguwarku sau nawa ta mutu ka tashe ta, liman bai ma san hannun wa ba ne.

Na taɓa zama a shagonka wani saurayi ya zo daga Kanda, ya ga wani babban kati a kan kanta, hom-yus, wato wanda aka yi amfani da shi a Turai aka kawo. Mu a Zongo kowa ya san halinmu, in aka ce hom-yus sai mu ɗauka Bature ya taɓa shi sau biyu ya mayar kwali. Saurayin ya ce shi zai saya, ko ciniki bai yi ba. Ka ce ba na sayarwa ba ne. Ka buɗe ka nuna masa yadda ƙarfen ya canja launi, ka ce masu haƙar kuɗin intanet ne suka yi aiki da shi, shekara biyu bai runtsa ba. Ka ce, “Zai kai ka Sallah, ba zai kai ka wata Sallar ba.” Ka kwatanta masa shagon wani a Kokomlemle wanda ke da mai lafiya. Bayan ya fita na ce, “Kaka, shi ya sa Dagomba ba ya arziki.” Ka ce, “Shi ya sa Mosi ba ya barci.”

Yadda kake gwada kati ma ba irin na kowa ba ne. Sauran masu gyara sukan kunna minti biyar, hoto ya fito, su ce lafiya lau. Kai sai rana ta take tsaka, ka kashe fankar shago, ka janyo ƙofa, ka sa wasa mafi nauyi, ka bar shi awa biyu kana zaune kana gumi. Kakan ce katin da ya ci jarrabawa a sanyin Turai bai ci ta Maamobi ba tukuna. Kai ne kuma ka fara gane abin da ke sa kwamfutata kuka. Ka buɗe ta ka ciro dunƙulen gashi kamar an aske tunkiya, ka ce, “Rabin kawunan Nima suna cikin nan.” Ka yanko tsohon gidan sauro ka ɗaura a bakin da iska ke shiga, ka ce in karkaɗe shi duk Juma'a kafin in tafi masallaci. Ban taɓa tsallake Juma'a ba, sai biyu, kuma duka biyun ka gane.

A watan azumin bana tsohon katin ya fara gajiya. Sababbin wasanni ba sa buɗuwa, waɗanda suka buɗu kuma sai tsaye-tsaye. Falalu, mai aski a tsallaken titi, ya haɗa sabuwar kwamfuta mai gilashi, cikinta yana walƙiya ja da kore kamar motar amarya, samarina suka fara tsallakawa. Yayata Zelia, wadda ke aikin kula da tsofaffi a Hamburg, ta ji kukana ta ce za ta saya mini kati. Amma ta yi magana irin ta yayye: “Guda ɗaya, sau ɗaya. Ka zaɓa da kyau, don kada in sake jin sunan kati a bakinka sai bayan shekara biyar.”

Kati iri biyu ne kuɗin da ta ware zai iya sayen ɗaya daga cikinsu. Ɗaya sabon fitowa ne, gajere, mai fanka biyu, da fitilu masu canja launi, ma'ajiyarsa giga takwas. Ɗayan ya girme shi da zubi ɗaya, baƙi ƙirin, dogo, mai nauyi, fanka uku, ba fitila ko ta ashana, amma giga sha shida. Ni zuciyata tana kan mai fitilu. Mai shago a Sakul ya gaya mini katin yana da wata sabuwar dabara da yake ƙirƙiro hotuna daga kansa, wasa ya yi santsi. Na zo na zayyana maka duk wannan, kana shan shayin ataya kana jina.

Ka ce, “Dabarar gaskiya ce, ban ƙaryata shi ba. Amma ita ma wuri take nema ta zauna. Kai da ka yi makarantar allo, da wane allo ka fara?”

Na ce, “Ƙarami, kamar tafin hannu.”

“Da ka kai manyan surori fa?”

“Malam Husseini ya sa aka sassaƙo mini babba.”

Ka ce, “To cif ɗin kati shi ne kan ɗalibi, gigar nan kuma ita ce allonsa. Ɗalibi komai kaifin kansa, in allonsa ƙarami ne, yana rubuta layi biyar sai ya tashi ya je wanki, ya jira ya bushe, ya dawo. Wannan tashin shi ne tsayawar da kake gani a wasa. Wasannin bana suna shiga allo mai takwas da ƙyar. Na baɗi ba za su tambaye ka ba. Kuma a kati ba a sassaƙo sabon allo, da wanda aka haife shi da shi zai mutu.”

Na ce ai mai fitilun ya fi sauri a wasu wasannin, na gani a bidiyo. Ka ce haka ne, yau. Ka ce kati in kansa ya tsufa ana iya lallaɓa shi, a rage masa inuwa, a rage masa kwalliyar ciyawa, ya ci gaba da tafiya. Amma in allo ya cika, ba abin da za a rage sai hoton ya koma kamar an shafa masa laka. Ka ce in ina son sanin inda masu yin wasa suka dosa, in dubi injinan wasa na talabijin da ake yayi, domin da awonsu ake ɗinka wasa, kuma allonsu ya wuce takwas tun tuni. Ka ce in sa Zelia ta tambaya ko kamfanin yana ci gaba da aiko masa gyara ta intanet, don katin da iyayensa suka manta da shi maraya ne ko da lafiyarsa ƙalau. Sannan ka zo kan zafi. Ka ce fanka uku masu juyawa a hankali a kan babban ƙarfe sun fi biyu masu ihu, musamman a shagon da gashi ke tashi. Ka ce dogon yana cin wuta fiye da gajeren, wannan aibinsa ne kuma ba za ka ɓoye mini ba, sai an canja akwatin wutar kwamfutar an sa mai ƙarfi, a haɗa da sitabilaiza, don wutar Nima ba ta sallama in za ta tafi, ba ta sallama in za ta dawo.

Na ce, “Kaka, mutanena ido suke da shi. Fitila suke bi.”

Ka ce, “Saya musu fitilar Kirsimeti ka naɗe ƙofa. Wanda ya shigo don fitila minti biyu zai yi. Wanda ya zauna don wasa ba ya tsayawa, shi ne zai dawo da ƙaninsa.”

Na fita ina gunaguni, amma kafin in kai Nima na san ka yi gaskiya. A ranar na aika wa Zelia hoton baƙin. Ta saya, ta ba wani ɗan unguwarmu da zai sauka ranar Asabar. Ranar Litinin na kawo maka kwamfutar don ka share ta ka duba wayoyinta kafin kati ya iso, ban gaya maka wanne ba ne.

Sai shaiɗanin wasa ya zo mini. Ranar Talata na samo hoton mai fitilun a hannun wata mata, na yanke fuskarta, na kawo maka. Na ce ga Zelia ta saya, mai takwas, don ni ba zan bi shawarar tsoho ba. Na shirya cewa ranar Asabar zan shigo da baƙin a cikin buhun gawayi, in zazzage shi a gabanka, abokaina suna ɗaukar fuskarka a waya. Ka daɗe kana kallon hoton. Ba ka yi dariya ba, ba ka kuma zage ni ba, abin da ban saba gani ba ke nan. Ka miƙo mini wayar ka ce, “To, Allah Ya sa albarka.” Ka juya ka ci gaba da aikinka. Na fita ina ƙunshe dariya. Wannan ita ce magana ta ƙarshe tsakanina da kai.

Kwana uku na yi da wannan abu a ƙirji. Ina ganin ka tafi da zaton cewa ka zauna ka ba ni iliminka, na taka na wuce don fitila. Na je wurin Malam Husseini na gaya masa. Ya ce ƙarya ƙarya ce ko ta wasa, in yi istigfari, in yi maka sadaka, in kuma gaya wa danginka gaskiya. Kati ya iso ranar Asabar kamar yadda aka ce. Na tura shi ƙarƙashin kujerar aski, ban ko yanke ledar ba.

Bayan addu'ar uku, ƙaninka Abdul-Wahab, wanda ke tuƙa motar doya, ya buɗe shagon don masu kaya su ɗauki kayansu. Na je na tsaya a baya har mutane suka ragu. Na ce masa ina da magana, na fara ba shi labarin hoton. Bai bar ni na gama ba. Ya janyo kwamfutata daga ƙarƙashin tebur, ya cire murfin gefe, ya ce in duba.

A gaban kwamfutar akwai wani keji na ƙarfe da ake jera ma'ajiyai a ciki. Gajeren kati ba ruwansa da shi, zai shiga ya bar fili. Dogon ne kawai zai tokare shi. Kejin nan an yanke rabinsa, an goge bakin yankan sumul don kada ya ci waya, an shafa masa baƙin fenti. A ƙasa ka kafa wani ɗan ginshiƙi na alminiyam mai roba a kai, daidai inda wutsiyar kati mai nauyi za ta sauka. Akwatin wutar ma ka canja shi, ga wayoyi biyu masu kauri ka fito da su ka ɗaure, suna jira. Mai fitilun waya ɗaya yake sha.

Abdul-Wahab ya ce, “Ranar Laraba na biyo da rana na same shi yana wannan yankan. Na ce aikin wa, ya ce na jikansa maƙaryaci ne, dogon kati yana hanya.”

Na ce, “Wa ya gaya masa? Ko Zelia ba ta da lambarsa.”

Ya ce, “Ni ma na tambaye shi. Ya ce da a ce da gaske ka sayi ɗayan, da ba ka zo ka nuna masa ba. Da ka yi wata guda kana bi ta bayan masallaci don kada ku haɗu. Ya ce shi ma zai bar ka ka sha daɗin ƙaryarka zuwa Asabar, ka zo ka tarar an riga ka.”

Na zauna a bencin nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, ina yi dariya tana ƙwace mini. Shekara huɗu ina kafa maka tarko, ba ka faɗa ko ɗaya ba, na ƙarshen ma ni ka bari a ciki.

Na kai kwamfutar shago na soka katin da hannuna. Ya shiga kamar an gwada shi, wutsiyarsa ta sauka a kan ginshiƙin, ba ragi ba ƙari, alhali ba ka taɓa ganinsa ido da ido ba. Na jira rana ta take, na kashe fanka, na janyo ƙofa, na ba shi awa biyu. Bai yi tari ba. Falalu da kansa ya tsallako ya buga, ya ce hoton ya fi nasa zama, ya tambayi wanda ya haɗa. Na gaya masa. Shekara biyar ɗin da Zelia ta ce, ban san ko ni zan kai ba, amma ba na shakkar katin.

Don haka nake shaida a gaban duk wanda ya karanta wannan: Masta Iddrisu ya ba ni shawara ta gaskiya, na bi ta, kuma abin da na gaya masa ranar Talata ƙarya ce, ina neman gafarar Allah a kanta. Samarin Zongo da za su sayi kati, ku tambayi girman allon kafin ku tambayi launin fitila, kuma in kun ci riba ku yi masa addu'a.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa Mma Zenabu a Savelugu, da matarsa Anti Rukaya, da 'ya'yansa Nadia da Rafiq, da ƙaninsa Abdul-Wahab, da jama'ar Dagombawa na Maamobi da Nima, da matan kayayo da za su zo ranar Lahadi su tarar da ƙofa a rufe. Rafiq, askinka yana wuyana muddin ina riƙe da inji.

Allah Ka jiƙan bawanKa Iddrisu. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka haskaka shi. Bai ha'inci mai saye ba, bai wulaƙanta mai dako ba, Ka karɓe shi da rahamarKa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka tsaya wa marayunsa, Ka kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.

Jikanka,
Tawfiq mai aski, Nima.